Finafinan kasada na Ingila a kan zamanin mulkin mallaka: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya tashi a gidan da ake kunna talabijin bayan isha'i, ko ya taɓa zama a kan benci a gidan kallon bidiyo, da wuya bai ci karo da irin fim ɗin nan ba. Sojoji ne 'yan ƙalilan da jajayen riguna da hular nan mai kama da akushi, rana ta take, can bisa tudu kuma jama'a ce ba iyaka da masu da garkuwoyi. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansu, da abin da nake amsawa.

Wane irin fim ake nufi takamaimai?

Finafinan da kamfanonin Birtaniya suka shirya, galibi daga wajen 1930 zuwa 1975, waɗanda labarinsu ke faruwa a ƙasashen da Ingila ta mulka ko take yaƙin mallaka: Indiya da kan iyakarta da Afganistan, Sudan, Afirka ta Kudu, Kenya, Najeriya. Jarumin soja ne, ko di'o, ko maharbin giwa. Akwai tafiya mai nisa, akwai ƙishirwa, akwai wani sarki ko shehi da ya "tayar da ƙayar baya", sannan a ƙarshe a yi gumurzu, tutar Ingila ta ci gaba da kaɗawa. Amurkawa ma sun yi irinsu, kamar Gunga Din na 1939, har mutane kan haɗa su, amma ba su ne zancenmu ba.

Wa ya kafa wannan salon?

Abin dariyar shi ne waɗanda suka fi kowa kambama daular Ingila a silima ba Ingilishi ba ne. 'Yan'uwa uku ne 'yan asalin ƙasar Hangari. Alexander Korda shi ne mai kuɗi da dabara, ya kafa kamfanin London Films a 1932. Ƙanensa Zoltan ne darakta, Vincent kuma shi ke tsara gine-gine da adon wurin ɗauka. A cikin shekara huɗu suka fitar da Sanders of the River a 1935, Elephant Boy a 1937, The Drum a 1938, da The Four Feathers a 1939. Labaran kuwa daga littattafai suka kwaso su: Edgar Wallace, Rudyard Kipling, A. E. W. Mason. Wani kamfanin, Gaumont British, ya ɗauko littafin Rider Haggard ya yi King Solomon's Mines a 1937.

A lura da shekarun. Lokacin da ake waɗannan finafinai daular ba tarihi ba ce, tana nan da ranta. Razdan na zaune a Kano da Sakkwato, Gandhi na jan zanga-zanga a Indiya, Hitler kuma na shirin yaƙi. Mai kallo a Landan yana son a gaya masa cewa abin da 'ya'yansa ke yi a can ƙetare aikin alheri ne, kuma an gaya masa, da kiɗa da kala.

Da gaske akwai wanda aka ɗauka a Arewacin Najeriya?

Akwai, har ya riga na su Korda. Sunansa Palaver, ya fito a 1926, fim ne marar sauti, Geoffrey Barkas ya shirya shi. An ɗauke shi a tsaunukan da a lokacin ake kira na Bauchi, yankin Filato na yanzu, a cikin mutanen Angas da Sura, wato Ngas da Mwaghavul. Labarin wani di'o ne da wani Bature mai haƙar kuza suna takarar wata nas Baturiya. Mai kuzar yana ɗirka wa wani sarki giya yana zuga shi, har aka yi bore, di'o ya zo da dakaru ya kwantar. 'Yan ƙasa da suka fito a ciki ba 'yan wasa ba ne, mutanen garuruwan ne aka tara.

Wannan ƙaramin fim ya riga ya ƙunshi dokar da sauran za su bi: Baturen gwamnati mai gaskiya ne, ɓarna daga Baturen kasuwa take zuwa ko daga boka, talakawa kuma kamar yara suke, duk inda aka kaɗa su nan za su bi.

To Sanders of the River fa, ba a Najeriya aka ce labarin ya faru ba?

Haka fim ɗin ya ce. Amma duk ɗan Najeriya da ya kalla zai yi ta neman ƙasarsa a ciki bai gani ba. Raye-raye da namun dajin daga tsakiya da gabashin Afirka Zoltan Korda ya ɗauko su, ƙauyen da ake wasan kuma a sutudiyo kusa da Landan aka gina shi, aka cika shi da baƙaƙen fata mazauna Ingila, ma'aikatan jirgin ruwa da ɗalibai. Cikin waɗanda aka ɗauka cikon taro har da wani ɗalibi ɗan Kenya, Jomo Kenyatta, wanda ya zama shugaban ƙasarsa na farko. Akwai kuma Orlando Martins, haifaffen Legas, da ya daɗe yana fitowa a finafinan Ingila bayan nan.

Leslie Banks ne Kwamishina Sanders. Yana yawo a kogi cikin ƙaramin jirgi mai bindiga, yana tara sarakuna yana yi musu faɗa kamar malamin firamare. Da ya tafi hutu Ingila, wasu Turawa masu fasa-ƙwaurin giya da bindigogi suka baza labarin ya mutu, nan take ƙasa ta kama da wuta. Saƙon a fili yake: ranar da Bature ya juya baya, ranar za a ci juna.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: a littattafan Wallace, sojojin da ke ƙarƙashin Sanders "Hausawa" ake kiransu, shugabansu Kyaftin Hamilton. Ba ƙage ba ne gaba ɗaya. Tun 1863 John Glover ya kafa wata runduna a Legas da aka sani da Hausawan Glover, kuma da dakarun ƙasar nan Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903. Hafsoshi ne Turawa, masu ɗaukar bindiga namu ne. Wannan gefen labarin ba daɗin ji gare shi ba, shi ya sa ba mu cika tada shi ba.

Paul Robeson, mawaƙin nan baƙar fata ɗan Amurka, shi ya fito a matsayin Bosambo, sarkin da ke biyayya ga Sanders. Mutum ne mai ilimi, ya karanta lauya, yana ma koyon harsunan Afirka a Landan a lokacin. Ya karɓi aikin da zaton za a nuna al'adun Afirka da mutunci. Da ya ga yadda aka harhaɗa fim ɗin a ƙarshe, ya zama waƙar yabon mulkin mallaka, sai ya fito fili ya barranta da shi.

Me ya sa har yau ake yabon The Four Feathers na 1939?

Saboda an iya shi. Gaskiya ɗaya ce. An kwashi manyan kyamarorin Technicolor, masu nauyi kamar injin niƙa, aka kai su Sudan aka ɗauki hamada da Nilu da idon gaske. Wurin da ɗaruruwan mutane ke jan jiragen ruwa da igiya a kan duwatsun kogi, babu dabarar kwamfuta a ciki, mutane ne da gumi. Hotunan sun yi kyau har aka sake amfani da su a Storm Over the Nile na 1955.

Labarin Harry Faversham ne, ɗan gidan sojoji kaka da kakanni, wanda ya ajiye aiki ana gobe rundunarsa za ta tafi Sudan. Abokansa uku kowa ya aiko masa da farin gashin tsuntsu, alamar ragwanta a al'adarsu, na huɗun kuma shi da kansa ya cire daga mafificin budurwarsa da ya ga fuskarta ta sauya. Sai ya bi su a ɓoye, aka yi masa lalas a goshi, ya zama bebe ɗan ƙasa, yana ceton su ɗaya bayan ɗaya yana mayar wa kowa gashinsa. Ralph Richardson, wanda ya fito a abokin da hularsa ta faɗi rana ta makantar da shi, ya yi wasan da ke sa jiki ya yi sanyi.

Wurin da na fi so ba a fagen fama yake ba, a teburin cin abinci ne. Wani tsohon janar, C. Aubrey Smith mai gashin gira kamar tsintsiya, duk zaman da aka yi sai ya ba da labarin bajintarsa a yaƙin Kirimiya. Ya jera 'ya'yan itace masu ɓawo a matsayin igogin Rasha, ya tsoma yatsa a jar giya ya ja layi a kan tebur ya ce sojojinsa ke nan, ya dangwarar da abarba ya ce ga shi nan da kansa. Kowa a teburin ya haddace labarin. A ƙarshen fim Harry ya tare shi ya ce ai dokinsa ne ya firgita ya zabura, ba umarni ya bayar ba. Ko su masu fim ɗin sun san akwai cika baki a cikin tarihin da suke sayarwa.

Abin da ba su nuna ba shi ne lissafin yaƙin Omdurman, gumurzun da ke ƙarshen fim ɗin, wanda mutanen Sudan ke kira yaƙin Karari. Ran 2 ga Satumba 1898, kafin azahar, an kashe mutanen Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, kimanin 10,000 ko fiye. A ɓangaren Kitchener, kwamandan rundunar Ingila da Masar, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Bindiga mai ruwa da igwa ne suka yi aikin. A fim sai ka ɗauka ƙarfi ya zo ɗaya.

Mahadin da aka nuna a fim ɗin Khartoum na 1966, haka yake a tarihi?

A'a. Charlton Heston ne Janar Gordon, Baturen da ke riƙe da birnin Hartum, Laurence Olivier kuma aka shafa masa baƙi a fuska ya zama Mahadi Muhammad Ahmad, yana zare ido yana wata irin magana da ba ta Balarabe ba ce ba ta kowa ba. Fim ɗin ya haɗa su ido da ido a cikin tanti suna muhawara. Ba su taɓa haɗuwa ba. Wasiƙu suka yi musaya. Gordon ya aika masa da alkyabba da tayin sarautar Kordofan, Mahadi ya mayar, ya haɗo masa da jibba mai faci irin ta mabiyansa yana kiransa zuwa Musulunci. Ni a ganina wannan musayar tufafi ta fi abin da suka ƙaga daɗi.

Sauran ƙashin labarin daidai ne: mabiya Mahadi sun murƙushe rundunar Masar da Bature Hicks ke jagoranta a 1883, an yi wa Hartum ƙawanya wata goma, birnin ya faɗi ran 26 ga Janairu 1885 aka kashe Gordon, masu kawo ɗauki suka iso bayan kwana biyu. Mahadi kansa bai ƙara wata shida ba ya rasu.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa daga Balda a ƙasar Adamawa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Babu wani babban fim ɗin Ingila da ya ɗauki Burmi ko Satiru. Da an yi, mun san wa za a shafa wa baƙi.

Fim ɗin Zulu fa? Wasu na cewa shi ya yi adalci.

Ya fi sauran, amma a yi hattara. Cy Endfield ya ba da umarni, Stanley Baker ya shirya ya kuma fito, kuma a nan Michael Caine ya yi suna, a 1964. Labarin yaƙin Rorke's Drift ne a Afirka ta Kudu, 22 zuwa 23 ga Janairu 1879, inda sojoji kimanin 150 suka kare wani ɗan asibitin mishan daga mayaƙan Zulu 3,000 zuwa 4,000. An ba mutum 11 lambar Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta sojan Ingila, a kan wannan dare ɗaya. Mangosuthu Buthelezi, wanda daga baya ya zama babban ɗan siyasa, shi ya fito a matsayin Sarkin Zulu Cetshwayo, kakan mahaifiyarsa.

Na fara ganinsa a wani gidan kallo, kaset ɗin ya sha jiki har kala na zuba. Akwai inda sojoji suka yi tsit suna jin wata ƙara daga nesa kamar jirgin ƙasa na tahowa, ashe masu ne ake bugawa a jikin garkuwa. Sai kyamara ta bi kan tudu a hankali, mutane suka bayyana sahu bayan sahu. Ɗakin nan gaba ɗaya ya kaure da sowa. Babu wanda ya tsaya tambayar wane ne jarumi, kowa ya san ɓangarensa. Da aka fara zubar da su kuwa, wani dattijo a bayana ya yi tsaki ya tashi ya fita, kuɗinsa ma bai nema ba.

Fim ɗin ya nuna Zulu da tsari da dabarar yaƙi da jarumta, ba taron mahaukata ba. Amma ka ƙirga Turawa nawa ka san sunansu da garinsu da halinsu, sannan ka ƙirga na Zulu. Bai kuma gaya maka dalilin yaƙin ba: Bartle Frere, babban wakilin Ingila a Afirka ta Kudu, shi ne ya ba Cetshwayo wa'adin da ya san ba zai karɓu ba, Chelmsford, kwamandan sojan Ingila, ya kutsa ƙasarsu. A ranar 22 ɗin, kafin a kai hari Rorke's Drift, Zulu suka hallaka sama da mutum 1,300 na rundunar Ingila a Isandlwana, kuma ruruta labarin Rorke's Drift ya taimaka wajen rufe wannan abin kunya. Waƙar girmamawa da Zulu suka yi wa sojojin a ƙarshen fim ƙage ce. Abin da ya faru da gari ya waye shi ne an bi raunanan Zulu da ke kwance an ƙarasa su. Ko Turawan ma ba duka aka yi wa adalci ba: an mai da Henry Hook mashayi mai ƙiwar aiki, alhali mutumin ba ya shan giya.

Me ya hana su ba 'yan ƙasa manyan matsayi?

Kasuwa da raini. Alec Guinness ne Yarima Faisal a Lawrence of Arabia na 1962, Anthony Quinn ne Auda, Raymond Massey ɗan Kanada ne mugun yarima a The Drum. 'Yan ƙalilan ne suka tsallake. Sabu, yaron da aka samo a wurin kiwon giwayen Maharajan Mysore, ya zama tauraro tun bai balaga ba. Omar Sharif ya shigo daga silimar Masar ya fito daga cikin kawalwalniya a kan raƙumi a Lawrence of Arabia, duniya ta san shi. Earl Cameron ɗan Bermuda ya fito likita a Simba na 1955. Amma ko su, yawanci aboki ne mai biyayya ake ba su.

Mutanen da ake mulka sun yi shiru ne da aka nuna musu?

Ina! Da aka saka The Drum a Bombay a 1938 sai da aka yi zanga-zanga a ƙofar silima har hukuma ta janye shi. Dalili a bayyane: mugun fim ɗin Musulmi ne da ya shirya yi wa Turawa yankan rago a wurin walima cikin watan Muharram, nagarin kuwa yaro ne mai son Ingilishi.

A ƙasar Hausa abin da talaka ya fi gani daga gwamnati majigi ne. William Sellers, jami'in lafiya a Najeriya, shi aka ba ragamar sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Mota ce ke zuwa ƙofar fada da farin ƙyalle, a nuna tsafta da noma da ziyarar manya, tafinta na bayani da lasifika. Ra'ayin Sellers shi ne ɗan Afirka ba zai gane fim mai saurin sauya hoto ba, sai an bi da shi a hankali. Su kuwa gidajen silima na kuɗi, irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, kaboyi da sauran finafinan Turawa suke nunawa, kuma mutanen da aka ce ba za su gane ba su ke cika su. Da finafinan Indiya suka shigo ta hannun Kwarori a shekarun 1950, zance ya ƙare, jama'a suka zaɓi abin da suke so.

Yaushe aka daina yin su?

Ba rana ɗaya ba. Indiya ta samu 'yanci a 1947, aka kunyata Ingila a rikicin Suwez a 1956, Najeriya ta karɓi tutarta a 1960. Daga nan muryar finafinan ta fara rawa. North West Frontier na 1959, na tsohon jirgin ƙasa da ke gudu da wani ɗan sarki, har yanzu yana da tsohon ƙwarin gwiwa. Amma Guns at Batasi na 1964 labarin wani saje-manja ne, Richard Attenborough, da ya wayi gari a ƙasar da ta samu 'yanci ba wanda ke bukatar tsawarsa. A 1968 'yan barkwancin Carry On suka yi Up the Khyber, suka ɗauki tsaunukan Wales a matsayin mashigar Khaibar, gwamna da baƙinsa na cin abinci rufin ɗaki na zubo musu a miya ba wanda ya ɗaga kai. The Man Who Would Be King na 1975, Sean Connery da Michael Caine, ya fito da abin a fili: tsofaffin sojoji biyu ne 'yan damfara suka tafi neman ƙasar da za su wawashe.

Mister Johnson na 1990 ya zo a makare kuma ba kamfanin Ingila ne ya yi shi ba, amma a wajejen Toro ta jihar Bauchi aka ɗauke shi, da Pierce Brosnan da Maynard Eziashi. Marubucin littafin, Joyce Cary, ya yi aikin di'o a Borgu. Littafin ne Chinua Achebe ya ce ya ɓata masa rai tun yana ɗalibi a Ibadan, yana cikin abin da ya tura shi rubuta nasa.

Ya dace mu ɓata lokaci muna kallon su?

Ni dai ina kallo, kuma ba na jin kunyar cewa wasu suna burge ni. Ba tarihinmu nake nema a ciki ba, don ba ya nan. Abin da ke ciki shi ne hoton da Baturen mulki ya zana wa kansa: marar tsoro, marar son kuɗi, mai shan wahala saboda wasu. Sanin wannan hoton na taimaka wa mai karanta rahotannin razdan-razdan da ke ajiye a Kaduna, don da wannan idon aka rubuta su. Idan da yara a wurin, nakan tsayar da fim in tambaye su mutumin da ya faɗi yanzu wane ne sunansa, wa ya bari a gida. Ba su da amsa, fim ɗin ma ba shi da ita.

Da wanne zan fara?

The Four Feathers na 1939, ba na 2002 ba. Bayansa Zulu, sannan ka bi shi da Zulu Dawn na 1979, wanda ya nuna Isandlwana da girman kan da ya jawo ta, ko da yake bai kai na farkon armashi ba. Sanders of the River ka bar shi sai ranar da kake da haƙuri, kuma ka sa ido a layin sarakunan da ke tsaye gaban kwamishina ko za ka gane Kenyatta.